Tsaga a Mazaunin Inji: Kimiyyar Waldar Ƙarfen Kuromoli a Motocin Tsere

A ƙarshen shekarar 1971 kamfanin General Motors na ƙasar Amurka ya nemi masu motocin Chevrolet kimanin miliyan 6.7 da su mayar da su wurin dillalansa domin a yi musu gyara. Abin da ya jawo wannan gagarumin aiki kuwa ɗan ƙaramin abu ne da ake iya ɗauka da hannu ɗaya, wato mazaunin inji, abin nan da makanikai suke kira injin-sit. Idan mazaunin gefen hagu ya rabu, da zarar direba ya taka totur sai injin ya ɗaga ta wannan gefe, ɗagawar ta ja sandar totur ta ƙara buɗe shi, buɗewar kuma ta ƙara wa injin ƙarfin ɗagawa. Kafin a ankara mota ta ƙwace wa mai ita, wani lokaci har tiyon da ke taimaka wa birki ya fizge.

Waɗancan motoci na hawan yau da kullum ne, mazauninsu kuma roba ce da aka manna tsakanin ƙarafa biyu. A yawancin motocin tsere babu robar. Ana ɗaure injin kai tsaye da noti a jikin wasu kunnuwan ƙarfe da aka yi wa walda a kan bututun ƙwarangwal ɗin motar, wato casis, domin kada injin ya motsa ko kaɗan. Duk jijjigar da roba za ta shanye sai ta sauka a kan waldar. Saboda haka tsagewar mazaunin inji ba baƙon abu ba ne a garejin masu tsere, kuma mai kallo zai ɗauka gyaranta aikin minti goma ne: a goge wurin, a bi tsagar da walda, a shafa fenti. A ƙofar gida ko a teburin ƙarfe hakan yakan wadatar. A ƙarfen kuromoli kuwa irin wannan gyara yakan bar motar cikin haɗarin da ya fi na farko, domin tsagar da ido ke gani ta koma wadda ba ya gani.

Mene Ne Kuromoli?

Kuromoli laƙabi ne da aka harhaɗa daga sunayen sinadarai biyu, kuromiyom da molibdinom. Nau'in da aka fi amfani da shi a ƙwarangwal ɗin motocin tsere da ƙananan jiragen sama da wasu kekuna shi ne mai lamba 4130 a tsarin lambobin Amurka. Lambar tana da ma'ana: 41 na nufin dangin ƙarfen da aka gauraya da waɗannan sinadarai biyu, 30 kuma na nufin kabon ɗin da ke ciki ya kai kimanin kashi 0.30 cikin ɗari. Kuromiyom ɗin yakan kama daga kashi 0.8 zuwa 1.1, molibdinom daga 0.15 zuwa 0.25, sai ɗan manganis da silikon. Sauran duka, fiye da kashi 97 cikin ɗari, baƙin ƙarfe ne zalla. Ke nan abin da ya bambanta shi da ƙarfen da ake yin ƙofofi da tagogi bai fi gishirin da ake barbaɗa wa miya ba, amma shi ya sauya halinsa gaba ɗaya.

Akwai wani kuskure da ya yaɗu, cewa kuromoli ya fi sauran ƙarfe rashin nauyi. Ba haka ba ne. Gunduwa biyu masu girma ɗaya, ɗaya kuromoli ɗaya ƙarfen gama-gari, nauyinsu ɗaya, kimanin giram 7.85 a kowace santimita mai fuska shida. Haka nan idan aka ɗora musu kaya iri ɗaya, lanƙwasawar da za su yi kusan ɗaya ce. Bambancin yana wajen abin da za su iya ɗauka kafin su sallama. Wayar kuromoli mai kaurin murabba'in milimita 1, wadda aka gasa zuwa kimanin digiri 870 a ma'aunin Salshiyas aka bar ta ta huce a iska, tana ɗaukar wajen kilo 68 kafin ta tsinke, alhali ta gama-gari takan tsinke tun daga kilo 42 zuwa 45.

Wannan ne ya ba magina motoci damar rage kaurin bangon bututu. Ƙungiyar NHRA, wadda aka kafa a 1951 domin kula da tseren gajeriyar miƙaƙƙiyar hanya a Amurka, ta yarda a gina kejin kare direba da bututu mai faɗin kimanin milimita 41, wanda kaurin bangonsa zai zama milimita 3.0 idan ƙarfen gama-gari ne, ko kuwa milimita 2.1 idan kuromoli ne. Ɗalibin da ya yi lissafi zai ga cewa mita ɗaya ta bututun farko na da nauyin kilo 2.8, ta biyun kuwa kilo 2.0 kacal. A motar da ta ci bututu mita talatin ko arba'in, ragin ya kai nauyin ƙaramin yaro. Sai dai ribar tana tafe da bashi: tun da bangon ya sirance, kowace milimita ta ƙarfen tana ɗauke da kaya fiye da da.

Yadda Tsaga Take Farawa

Da wuya a ce bugu guda ne ya tsaga mazaunin inji. Abin da ya fi faruwa shi ne abin da injiniyoyi ke kira gajiyar ƙarfe. Harkar jirgin ƙasa na cikin wuraren da aka fara lura da ita sosai. A 1842 sandar ƙafafun wani jirgin ƙasa ta karye tsakanin Basai da Faris a ƙasar Faransa, mutane da dama suka hallaka. Daga baya wani injiniyan jirgin ƙasa na Jamus, August Wöhler, ya shafe shekaru yana juya sandunan ƙarfe a ƙarƙashin nauyi yana ƙirga juyin da suke yi kafin su karye, ya kuma taƙaita sakamakonsa a 1870. Abin da ya gano shi ne, nauyin da bai isa ya karya ƙarfe a karo ɗaya ba yana iya karya shi idan aka yi ta ɗora shi ana saukewa sau dubbai ko miliyoyi.

Mazaunin inji kuwa nan ne matattarar irin wannan ɗorawa da saukewa. Duk lokacin da injin ya murɗa ƙafafun mota, shi ma yana ƙoƙarin murɗawa ta ɗaya gefen, kamar yadda dokar Newton ta uku ta bayyana, mazaunin ne kuma ke hana shi. Ga kuma fistin da ke kai da kawowa. Injin da ke juyi 10,000 a minti ɗaya yana girgiza mazauninsa aƙalla sau 600,000 a sa'a guda. Kwana biyu na atisaye da tsere sun ishi a haura miliyan.

Tsagar ba ta farawa a ko'ina sai inda kaya ya cunkushe, kamar yadda ruwan kogi ke ƙara gudu a inda gaɓa ta matse. A jikin mazaunin inji irin wannan wuri shi ne gefen walda, daidai layin da tudun waldar ya haɗu da bututu, musamman a ƙarshen kunnen ƙarfen. A nan siffar ƙarfen ta sauya farat ɗaya, a nan kuma ake samun ƙananan lahani da ido ba ya gani. Wani abu da gwaje-gwaje masu yawa suka tabbatar, wanda ya kamata duk mai sha'awar aikin injiniya ya riƙe, shi ne cewa juriyar gajiya ta wurin da aka yi wa walda ba ta ƙaruwa sosai don an yi amfani da ƙarfe mai ƙarfi. Gefen waldar kuromoli da na ƙarfen gama-gari kusan tafiyarsu ɗaya a wannan fanni. To, an rage kaurin bango saboda an dogara da ƙarfin kuromoli, kaya ya ƙaru a kowace milimita, amma gefen waldar bai samu kasonsa na wannan ƙarfi ba. Wannan shi ne asalin dalilin da ya sa ƙwarangwal mai tsada yake tsagewa a mahaɗa.

Cewa gyaran walda a motar tsere batun rai ne, tarihi ya shaida. Ranar 1 ga Mayu, 1994, Ayrton Senna ɗan ƙasar Birazil, wanda ya ci gasar duniya sau uku, ya rasu a filin tsere na Imola a Italiya. Ba mazaunin inji ne ya samu matsala ba, sandar sitiyari ce, wadda aka yanka aka ƙara mata tsawo da wani guntu mafi siranta ta hanyar walda. Kamfanin Williams mai motar ya tsaya a kan cewa sandar ta karye ne bayan motar ta daki bango, amma a 2007 kotun ƙoli ta Italiya ta yanke cewa karyewar sandar ce ta haddasa haɗarin.

Abin da Zafi Yake Yi wa Gaɓar Walda

Maƙeran gargajiya sun daɗe da sanin cewa idan aka gasa bakin wuƙa ko gatari ya yi ja aka tsoma shi a ruwa, zai yi tauri ya riƙe kaifi, amma idan aka wuce gona da iri sai ya riƙa ɓantarewa. Abin da ke faruwa a ciki shi ne: da zafi ya wuce digiri 750, jeruwar ƙwayoyin zarra na ƙarfen takan fara sauyawa, a wajen digiri 850 kuma ta gama komawa wani tsari da ake kira ostinayit, wanda kabon ke narkewa a cikinsa kamar sukari a ruwan zafi. Idan ƙarfen ya huce sannu a hankali, kabon ɗin yana samun sararin fita ya koma mazauninsa, ƙarfen ya kasance mai ƙarfi kuma mai sauƙin kai. Idan kuwa aka sanyaya shi da gaggawa, sai kabon ya maƙale a inda babu wurinsa, jeruwar ta karkace, a samu wani tsari mai tsananin tauri da saurin fashewa kamar gilashi. Sunansa matinsayit, an kuma raɗa masa sunan ne don tunawa da masanin ƙarafa na Jamus, Adolf Martens.

Aikin kuromiyom da molibdinom shi ne rage saurin fitar kabon. Wannan alheri ne ga mai son taurara ƙarfe, amma jarrabawa ce ga mai walda, domin saurin hucewar da ba zai yi wa ƙarfen gama-gari komai ba ya isa ya haifar da matinsayit a kuromoli. Wurin da abin ya fi shafa kuma ba tudun waldar ba ne. Wani siririn zirin ƙarfe ne a gefensa, mai faɗin 'yan milimitoci, wanda bai narke ba amma ya gasu ya yi ja. Ana iya kiransa gaɓar walda. Nasarar gyara ko faɗuwarsa a wannan ziri take.

Akwai wani lissafi mai sauƙi na Cibiyar Walda ta Duniya da ake auna wannan haɗari da shi, inda ake mayar da tasirin kowane sinadari zuwa kwatankwacin kabon:

C + Mn/6 + (Cr + Mo + V)/5 + (Ni + Cu)/15

Idan aka saka alƙaluman 4130, wato kabon 0.30, manganis 0.50, kuromiyom 0.95, molibdinom 0.20, amsar za ta fito 0.61. Ƙarfen gama-gari mai kabon 0.18 da manganis 0.75 bai wuce 0.31 ba. Masu walda sukan fara taka-tsantsan ne da zarar adadin ya haura kimanin 0.45. Daga nan mai karatu zai gane dalilin da ya sa ɗabi'ar nan ta kwara wa walda ruwa don ta huce da wuri, wadda ake gani kullum a wuraren waldar ƙofofi a bakin titi, take zama ɓarna tsantsa idan kuromoli ne a hannu.

Taurin kaɗai ba shi ke fasa ƙarfe ba, yana da abokin tafiya, wato haidurojin. Danshi da mai da giris da fenti da tsatsa duk suna ɗauke da shi, harshen lantarkin walda kuma yana warware shi ya shige cikin narkakken ƙarfe. Ƙwayar haidurojin ita ce mafi ƙanƙanta a cikin ƙwayoyin zarra, don haka tana iya yawo a cikin daskararren ƙarfe har bayan ya huce, tana taruwa a wuraren da suka fi ɗaurewa. Hausawa suka ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. A nan kuwa ƙadangaren ne ke shiga tukuna, sa'an nan bangon ya tsage. Idan abubuwa uku suka haɗu, taurin matinsayit da haidurojin da jan da walda ke yi yayin da take tsukewa, tsaga na iya bayyana bayan sa'o'i, har ma bayan kwana ɗaya ko biyu, alhali ba a ko tayar da injin ba.

Kafin a Kunna Wuta

Mafi yawan aikin gyara ana yin sa ne kafin walda. Akan sauke injin, a cire tankin mai da tiyoyinsa, a kwance batir da na'urorin lantarki. Sa'an nan a kankare fenti har sai ƙarfe ya fito fes, ba a kan tsagar kaɗai ba har da 'yan santimitoci a kewayenta, a goge da asiton. A nan akwai gargaɗi mai muhimmanci: wasu ruwan wanke birki suna ɗauke da sinadarin kulorin, wanda zafi da hasken walda ke iya mayarwa iskar fosjin, gubar da aka yi yaƙi da ita a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Kaɗan daga cikinta ya isa ya lalata huhu.

Daga nan sai neman inda tsagar ta tsaya, domin kusan kullum ta fi abin da ido ke gani tsawo. Ma'aikatan jirgin ƙasa na da sukan shafa wa ƙarfe mai da aka sirka da kananzir, su goge, su shafa farin alli, sai man da ya maƙale a tsagar ya tsattsafo ya zana ta a kan allin. Dabarar yau jikar waccan ce: jan rini mai ratsa ƙaramar kafa, da farar hoda da ake fesawa a kai. Akwai kuma hanyar maganaɗisu, inda garin ƙarfe ke taruwa a bakin tsaga.

Idan an gano ƙarshenta, akan huda ɗan rami mai faɗin kimanin milimita 3 a daidai wurin. Mai kallo zai yi mamakin yadda ƙara huji zai taimaki abin da ya riga ya tsage. Amsar tana cikin lissafin da Charles Inglis na Jami'ar Kambirij ya wallafa a 1913, cewa kaya yana ninkuwa a bakin tsaga da kimanin 1 + 2√(a/r), inda a ke nufin zurfin tsagar, r kuma rabin faɗin da'irar bakinta. Tsaga mai milimita 10 wadda bakinta ke da tsinin milimita 0.01 tana ninka kaya kusan sau 64 a lissafi. Da an huda ramin, r ya koma 1.5, ninkin ya sauko zuwa kusan 6. Malamin kimiyya na iya nuna wannan a aji da zirin takarda biyu: a ɗan tsaga gefen kowanne da reza, a huda zagayayyen rami a ƙarshen tsagar ɗaya, sa'an nan a ja su a ga wanda zai riga yagewa. Sai dai ramin ba magani ba ne, yana tsayar da tsagar ne kawai don kada zafin walda ya ƙara tura ta gaba.

Sai kuma hukuncin da ya fi kowanne nauyi: a cike tsagar, ko a yanke wurin? Idan kunnen ne kaɗai ya tsage, mafi alheri a cire shi a ƙera sabo, domin ƙarfen da ya kai ga tsagewa a wuri ɗaya ya gaji a maƙwabtan wurin. Idan gajeriyar tsaga ce ta ɗan shiga bututu, akan gurje ta har gindinta a yi mata kwari mai siffar V, a tabbata ba a bar ko ɗigonta a ƙasa ba. Walda a kan tsagar da ba a gurje ba rufin asiri ne kawai na ɗan lokaci. Idan kuwa ta zagaya wani babban kaso na bututun, ko wurin ya taɓa shan gyara, sai a yanke a sa sabon guntu. Masu tsere sun ari dabarar yin haka daga masu gyaran jiragen sama. Littafin jagora na hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka mai lamba AC 43.13-1B ya bayyana yadda ake zura wani bututu a ciki ko a wajen na asali, a yanka bakin a karkace bisa kusurwar digiri 30 ko a siffar bakin kifi, a kuma huda 'yan ramuka a cike su da walda don su riƙe na cikin. Hikimar karkata yankan ita ce waldar ta ƙara tsawo, gaɓarta kuma kada ta zagaye bututun a layi guda kamar zobe.

Waldar Kanta

Hanyar da aka fi yarda da ita ita ce wadda ake kira TIG, har ma dokokin NHRA sun wajabta ta ga kejin kuromoli. Russell Meredith ne ya inganta ta a kamfanin jiragen sama na Northrop a 1941, don waldar maginiziyom, da iskar hiliyom. A yau an fi amfani da agon. Harshen lantarki yana tashi ne daga tsinin tangistin, ƙarfen da ba ya narkewa sai a digiri 3,422, don haka tsinin ba ya cinyewa kamar sandar waldar da aka saba gani. Iskar agon tana lulluɓe wurin ta kore oksijin da danshi. Mai walda yana riƙe da kan waldar a hannu ɗaya, siririyar sandar ciko a ɗayan, ƙafarsa kuma tana kan feda yana ƙara wuta ko ragewa. Fifikon wannan hanya shi ne zafi daban, ciko daban, kowanne yana hannun mai aiki. A ƙiyasin da aka saba, kowace milimita ta kaurin ƙarfe na bukatar kimanin amfiya 40, wato wajen 80 ga bututu mai milimita 2.

Zaɓen sandar ciko yana da ban mamaki. Hankali zai ce a cike kuromoli da kuromoli. Amma sandar 4130 tana barin tudun walda mai tauri da saurin fashewa, sai fa idan za a saka ƙwarangwal ɗin gaba ɗaya a tanderu bayan an gama, abin da ba ya yiwuwa a gyaran gareji. Saboda haka akan zaɓi ER70S-2, wadda kabon ɗinta bai wuce kashi 0.07 ba kuma take ɗaukar kimanin kilo 49 a murabba'in milimita, ko ER80S-D2 mai ɗaukar kimanin kilo 56. Duka biyun ba su kai bututun ƙarfi ba, da gangan kuma aka yi haka. Cikon yana gaurayuwa da narkakken kuromoli ya ƙara ƙarfi, ana kuma barin tudun ya ɗan fi bangon kauri. Abin da ake nema shi ne mahaɗar da za ta lanƙwasa idan mota ta yi karo, ba wadda za ta ɓalle ba.

Batun ɗumama ƙarfe kafin walda ya dogara da kauri. Siririn bututu, ƙasa da milimita 3, ba shi da jikin da zai zuƙe zafi da sauri, don haka yakan huce a hankali da kansa. Ya isa a tabbata bai yi sanyi ba kuma babu raɓa a jikinsa. Amma mazaunin inji wuri ne da siriri ke haɗuwa da kakkaura. Kunne mai milimita 5 ko 6 yana janye zafi daga waldar kamar yadda yashi ke shanye ruwa, gaɓar ta huce da gaggawa. A irin wannan hali ɗumama wurin zuwa digiri 150 ko 200 yana da amfani, akan kuma auna da wani alli na musamman da ke narkewa a ƙayyadadden zafi. Yawan zafi ma illa ne: mai walda da ya yi nawa, ko ya yi ta maimaita bi a wuri ɗaya, yana faɗaɗa gaɓar, ƙwayoyin ƙarfen su kumbura, bututun ya yi laushi. Launin wurin yakan ba da labari. Ruwan zuma ko shuɗi-shuɗi a siririn layi alama ce mai kyau, toka-toka mai ɓawo kuwa alamar an ƙona.

Akwai ƙananan abubuwa da gwanaye ba sa mantawa. Sabon kunne ya zauna daram a kan bututu ba tare da giɓi ba, a ɗaure shi a ma'auni, a ɗiga masa walda a wurare kaɗan kafin a bi layin, domin ƙarfe yana jan jiki yayin hucewa. Wayar da ke mayar da lantarki a maƙala ta kusa da wurin aiki, kada wutar ta bi ta cikin boris ta ɓata shi. Idan bututun rufaffe ne ta ko'ina, a huda masa 'yar kafar numfashi, in ba haka ba iskar ciki za ta kumbura ta tofar da narkakken ƙarfen a daidai lokacin rufe layin. A ƙarshen layi kuma ba a ɗauke wuta farat ɗaya; akan sassauta feda a hankali ana ƙara ciko, don kada a bar ɗan gurbin da tsaga ke son farawa daga cikinsa. An gama, sai a kashe fanka, a rufe ƙofa, a bar ƙarfen ya huce don kansa.

Masu sana'ar sun rabu a kan ko ya kamata a sake gasa mahaɗar da wutar gas zuwa kimanin digiri 600 don ta saki jiki. Tsofaffin masu gyaran jiragen sama sun saba yin haka, da yawa daga masu ƙera motocin yau kuma ba sa yi a siririn bututu. Hujjar ɓangare na biyu ta fi ƙarfi a inda babu abin awo, domin mai auna zafi da ido a gareji mai haske yana iya zarcewa ba tare da ya sani ba, ya mayar da wurin ostinayit, ya sake buɗe ƙofar da aka wahala wajen rufewa.

Tambayar da Walda Ba Ta Amsawa

Waldar da ta fi kowacce kyau ta mayar da mazaunin ne yadda yake kafin ya tsage, a yadda yake ɗin nan kuwa ya tsage. Don haka dole a nemi sanadi. Sau da yawa kunnen ne aka dasa a tsaye a tsakiyar fuskar bututu, yana danna siririn bango ciki da waje kamar mai matsa gwangwani. Maganinsa a shimfiɗa wani faranti mai lanƙwasa da zai rungumi bututun ya rarraba kayan, ko a ƙara ɗan tokari mai kusurwa uku a gefen bututun, inda lanƙwasawa ta fi ƙaranci. Amma tokarin da ya cika kauri yana kwashe tsagar ne ya kai ta ƙarshensa. A ƙananan motocin tsere na go-kat abin ya fi haka wuya, domin ba su da sifirin. Lanƙwasawar ƙwarangwal ɗin ce ke ba ƙafar baya ta ciki damar ɗagawa a kwana, kuma ƙarin ƙarfe kaɗan kusa da injin na iya sauya yadda motar ke juyawa.

Wani lokacin laifin ba na mazaunin ba ne sam. Noti ne ya kwance injin ya riƙa dukan kunnen, ko wani abu mai juyawa ya rasa daidaito, ko kuwa ramukan ba su yi saiti ba tun farko aka tilasta su da ƙarfen ɓanɓara, aka bar kunnen a ɗaure tun kafin a tayar da inji.

Bayan kwana biyu akan sake shafa jan rini a duba, saboda tsagar nan mai jinkiri ta haidurojin. Ba a gurje tudun waldar don ya yi kyan gani. Dokokin NHRA ma sun hana hakan a kejin direba, domin gurzawa na rage kauri tana kuma ɓoye wa mai bincike ainihin aikin. Fentin da za a shafa ya zama siriri, tun da mai kauri yana iya rufe tsaga har ta yi nisa. Sa'ad da za a mayar da injin, kowane noti ya shiga raminsa da hannu ba tare da guduma ba. Bayan fitar farko a fili kuma, a share wurin a haska shi da tocila: siririn layin jan gari kamar tsatsa a gefen walda alama ce cewa fuskoki biyu na gogar juna a ƙarƙashin fentin.